Idan allurar zafin injin ta kwanta

Da aka yi ta muhawara kan abin yi idan allurar da ke nuna zafin injin mota ta ƙi motsi, abin da kowa ya yarda da shi shi ne kada a yi gaggawar sayen sabon geji, wato agogon da allurar take ciki. A fara duba fiyus. Idan allurar mai ma ta mutu tare da ita, sau da yawa matsalar a can take.

In fiyus lafiya, sai a koma kan sensa, wato na'urar da ke auna zafin ruwan injin, wadda ke kusa da tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan injin ya yi zafi. Masu gyaran wutar mota sun ce a tsofaffin motoci masu sensa mai waya ɗaya, a zare wayar a taɓa ta da jikin injin na daƙiƙa ɗaya ko biyu, makulli a kunne. In allura ta harba zuwa H, wato alamar zafi, geji da waya ƙalau suke, sensa ce ta lalace. Ba ta motsa ba, a bi wayar, a kankare tsatsar soket.

A muhawarar an fi daɗewa kan tamostat, domin bakanikenmu na son cire shi wai saboda zafin gari. Injin kuwa an yi shi ne ya yi aiki wajen digiri 90, in an cire, allura sai ta yini a ƙasa. Ruwan lagireto in ya ja baya ma yana ruɗar sensa, amma kada a buɗe murfin sai injin ya huce.