Zuwa Tiga da yara a yini ɗaya: me ake gani, me za mu riƙe?

Uwargidan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Muna shirin kai yara dam ɗin Tiga idan an ba da hutu, mu takwas ne: manya uku, yara biyar, autan shekararsa huɗu. Gidan zu da wuraren lilo na cikin gari duk sun gundure su. To me ake gani a can ban da ruwa? Ana shiga jirgi? Akwai abincin sayarwa ko sai mun yi guzuri? Sannan kwana ya fi, ko a je a dawo a ranar? Wanda ya san wurin ya taimaka mana, Allah ya saka da alheri.

Direban Unguwa Uku:

Wa alaikumus salam Hajiya. A je a dawo, kada ki sa kwana a lissafi. Tafiyar kilomita 70 ce ko ta ɗan ɗara daga cikin gari, awa ɗaya da rabi idan ba a yi gudu ba. Za ku kama titin Zariya, ku wuce Kura, ku wuce Ciromawa, sannan ku karya hagu ku hau hanyar da ta bi ta Bagauda ta shige Tiga. A gefen Bagauda za ku ga makarantar horar da lauyoyi, wurin da a da otal ne na bakin tafki. Yanzu makaranta ce mai masu gadi a ƙofa, don haka kada yara su sa rai za a tsaya wasa a ciki.

Ku bar gida ƙarfe bakwai na safe. Dalilin ba zafi kaɗai ba ne. Daga Na'ibawa zuwa Kura manyan motoci ke cika titi idan rana ta ɗaga, kuma lokacin tumatir bakin kasuwar Kwanar Gafan yakan cushe da masu lodi. Dawowa kuma ku yi la'asar a can ku taso nan take, magariba ta same ku a cikin gari. Ƙaramar hanyar ba fitila, ga babura, ga shanu masu komawa gida da yamma.

Mai a sha shi a Kano. Zuwa da dawowa kusan kilomita 150 ne, ƙaramar mota za ta ci wajen lita 15, to a zuba 25 saboda zagaye da kunna na'urar sanyi. A duba safaya tana da iska, a tabbatar jak da sifana suna cikin but. Abin da ya fi tsayar da mutane a wannan hanya taya ce da ruwan lagireto, ba wani babban gyara ba. Ku takwas kuma ba za ku shiga mota ƙarama ɗaya ba, ga kula ga tabarmi. Ko dai motoci biyu, ko ku ɗauki shatar bas ƙarama, a yi ciniki da direban har da jira, a gama magana tun a tasha. Idan motar haya kuka bi ta kai ku kawai, samun ta dawowa da yamma wahala ce.

Malamin Gona:

Hajiya, ki fara gyara tunanin yaran tun daga gida. Tiga ba wurin wasa ba ne da aka shirya wa baƙi, mai tikiti da kujeru da masu sayar da askirim. Madatsar ruwa ce ta aiki, da ƙaramin gari a gefenta, da masunta da manoma suna harkarsu. Wanda ya je neman lilo zai dawo da ƙorafi. Wanda ya je kallon ruwa da duwatsu da yadda ake sarrafa ruwan, shi zai more.

An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano. Bangon ƙasa ne da duwatsu, tsawonsa kusan kilomita 6, tsayinsa mita 48 a inda ya fi tudu. Idan ta cika ruwan yakan mamaye wajen murabba'in kilomita 178, shi ya sa daga wasu wuraren ba ka hango ɗaya gaɓar. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita, kuma a nan mutane ke yin kuskuren farko: su faka mota su haye bango su fara ɗaukar hoto. A'a. A fara yi wa masu gadi sallama, a ce an kawo yara kallo, a tambayi inda aka yarda a taka da inda ba a yarda a ɗaga waya ba, musamman wajen ƙofofin sakin ruwa da tashar lantarkin da gwamnatin jiha ta gina a jikin madatsar. Babban mutum ɗaya ya riƙe katin shaidarsa a aljihu.

Abin da ya fi burge yara a ganina shi ne inda ruwan ke fita ya shiga babbar magudanar siminti. Wannan ruwan ne ke bi ta Ruwan Kanya ya gangara gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, shirin noman rani da aka tsara wa kimanin hekta 22,000. Shinkafar Kura da tumatirin da kike saye a 'Yankaba, da yawansu wannan ruwan suka sha. Idan kika nuna musu mafitar da safe, sannan a hanyar dawowa kika tsaya gefen gona suka ga manomi ya buɗe 'yar ƙofa ruwa yana bin kwami-kwami, sun ga abin daga tushe har ƙarshe. Amma a riƙe hannun ƙanana a bakin magudanar. Gefenta a karkace yake, gansakuka ta sa shi santsi, ruwan kuma yana da ƙarfin ja fiye da yadda ido ke gani. Wanda ya zame ba shi da abin kamawa.

Sai kuma tudun da otal ɗin Rock Castle yake, wanda aka ɗora a kan dutse yana fuskantar tafkin. Daga wannan tudun ake samun kallon da ya fi kowanne, ruwa da tsibirai da duwatsun ɓangaren Rano. A nemi izini kafin a hau. A sa wa yara takalmi mai rufi, ba silifa ba, kuma kada kowa ya cusa hannu cikin kogon dutse, kunama da maciji nan suke fakewa.

Batun lokaci: daga Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi. Ruwa a cike, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama a washe. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu hazo na iya rufe komai, ki tsaya a kan tudu ki ga fari fat. Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, ruwa ya ja baya ya bar taɓo. Masu son tsuntsaye su isa da wuri: balbela da zalɓe ba a rasa su, kirinjijiya kuma garke-garke take tashi idan jirgi ya matso.

Jikan Masunta:

Ni kan jirgi da kifi zan yi magana, Hajiya, don nan ne daɗin yake, nan ne kuma haɗarin.

Jirgin da za ku samu na masunta ne da masu ƙetarar da mutanen ƙauyuka, wani na filafili, wani mai inji. Kada ku yi ciniki da yaron da ya fara tare ku. Ku tambayi inda Sarkin Ruwa ko shugaban masu jirgi yake, shi zai haɗa ku da wanda ya san ruwan. Sanin ruwa ba ƙaramin abu ba ne a Tiga, domin akwai duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse kogin, idan ruwa ya ragu suna nan dab da sama ba a ganinsu.

Kafin kowa ya sa ƙafa, babba ya leƙa cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne, kowane jirgin katako yana tsatsa. Amma idan aka kwashe ya sake taruwa kuna tsaye, a bar shi. A ga akwai abin kwarfar ruwa, a ga akwai filafili ko da jirgin mai inji ne, a tambayi mai nawa ke cikin tanki. Bayan an zauna, a dubi gefen jirgin: idan tsakanin bakinsa da ruwa bai kai kamu ɗaya da rabi ba, lodi ya yi yawa, wani ya sauka. Ku takwas ku kasu biyu, kowane zuwa a sa babba kusa da yara, kowa a zaune a tsakiya, ba mai miƙewa ɗaukar hoto, ba mai sauya wuri. Jirgi ba ya kifewa don zurfin ruwa, yana kifewa ne idan nauyi ya taru gefe ɗaya. Mutanen Kano ba su manta abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya nutse da ɗaliban Islamiyya a dam ɗin Watari, kuma lodi ne ya jawo. Allah ya jiƙansu.

Rigar kariya kada ki dogara za ki samu a bakin ruwa. Ki nemo daga Kano, aro ko saye, kuma daidai jikin yaro. Ta babba idan aka sa wa ɗan shekara huɗu, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Gwajinta: a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama, idan ta wuce kunnuwansa ta yi masa yawa. Idan ba a samu tasa ba, auta ya zauna a gaɓa da mutum ɗaya, ba a yi asarar komai ba.

A shiga kafin sha ɗaya na safe, minti talatin zuwa arba'in ya isa, a bi gefe-gefe. Da rana ta karkata iska ke tasowa, a buɗaɗɗen ruwa irin wannan kuma igiya takan yi girma da sauri. Farkon damina in an ga hadari ya haɗo daga gabas, ko mai jirgi ya ce ba komai, a haƙura.

Kifi kuwa, da safe ake saye lokacin da masu jirgi ke fitowa da kamun dare. Za ki samu karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, wani lokaci a dace da giwan ruwa. Sabon kifi idonsa garau, in kin danna jikinsa da yatsa ya dawo, in kin ɗaga gefen kansa inda yake numfashi ki ga ja jawur. Wanda cikin ya koma ruwan ƙasa ya kwana. A ba masu gyara su fasa cikin a wurin, ki ce su kula da matsarmama, in ta fashe ɗacinta ya shiga naman ke nan, wanki ba ya fitar da shi duka. Wanda za a kai gida a jera shi a kula, ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a sama, kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, kuma ƙanƙarar daga Kano za ki taho da ita. Kada a ɗaure shi a baƙar leda a jefa but, kafin Kura ya fara wari. Yara kuma su ɗan taka ruwa a gefe inda ba zurfi, su ji daɗinsu.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Malam Jikan Masunta, duk na yarda da bayaninka ban da jimlar ƙarshe. Gefen da ba zurfi, mai ciyawa, inda ruwa ke kwance, nan ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ba sai an sha ruwan ba. Ƙwayar tana huda fata ne ta shiga, tsayuwar 'yan mintoci ta isa. Yankin noman rani na Kadawa da Kura an daɗe da sanin cutar a cikinsa. Matsalar kuma ba a ganin komai a ranar, sai bayan makonni ko watanni yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshensa, a lokacin kowa ya manta an je Tiga.

Don haka Hajiya, ba wanka, ba wasan ruwa, alwala ma a yi da ruwan da kuka taho da shi. In yaro ya faɗa ko ya jiƙe, a goge shi da tawul sosai nan take a sauya masa kaya, amma wannan ragewa yake, ba kariya ba ce. Idan daga baya aka ga jini a fitsari ko zazzaɓi da ƙaiƙayi, a je asibiti a faɗi cewa an taɓa ruwan dam, a yi gwajin fitsari. Maganinta praziquantel, da nauyin yaro ake auna shi, ba a saye a kemis a ba shi da ka.

Guzuri: jaka biyu ta fiya wata, lita 20 ke nan, sha kaɗai. Jarka ɗaya daban ta alwala da wanke hannu, da sabulu da buta. Abinci a yi wanda ba ya saurin lalacewa, dambu, soyayyen nama, gurasa, dafaffen ƙwai. Mai miyar ganye ko salak da mayonis ba ya kai azahar a cikin mota. A saka ORS, filasta, farasitamol na yara da huluna. Banɗaki kada a sa rai, a yi wa ƙanana dabara da fo. Ledojinku kuma ku tattaro su ku dawo da su.

Uwargidan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wasan ruwa an soke shi. Hutun Disamba muke nufi, to hazon fa? Kuma maigidan yana cewa tunda an fita a zarce dajin Falgore a ga namun daji.

Malamin Gona:

Ki zaɓi makon farko na hutun, kafin hunturu ya kankama, kuma kada ki tsayar da rana ɗaya tak. Ranar da za a tafi ki fito da safe ki dubi Dutsen Dala ko Goron Dutse daga unguwarku. In kin gan shi tas, ku kama hanya. In ya dushe, a ɗaga zuwa gobe, don abin da za ku tarar a can ke nan. A sa wa yara rigunan sanyi, iskar bakin ruwa da safe tana ratsa jiki.

Falgore kuwa ki ba Alhaji haƙuri. Yana can gaba ta Tudun Wada da Doguwa, kusan ninkin tafiyar Tiga, sojoji na atisaye a cikinsa, kuma ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya. Ba a haɗa shi da Tiga a yini guda da yara biyar. In lokaci ya ragu, ku tsaya Kwanar Gafan ku ga kayan gwari, ku sayi shinkafa a Kura, ku shigo gari da sauran haske.