Masu tankin murjani a Accra, ya kuke fama da dumso, wato ɗauke wuta?

Ɗan Nima: Salam jama'a. Bayan ɗauke wutar nan na gwada ruwa sai ga amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta hau, alhali tankin ya daɗe da zama, murjani duk sun tsuke, kifi na haki a saman ruwa. Akwai wanda hakan ta taɓa samu?

Baban Madina: Wa alaikumus salam ɗana. Ta same ni. Bakteriyan da ke cikin dutse da yashi su ke juya amoniya ta koma sinadarin NO2, daga nan NO3 mai ƙarancin dafi, kuma da oksijin suke aikin, famfon tanki na tsayawa su ma aikinsu ya ja baya. Ga zafin garin nan, ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe iska sosai, balle na gishiri. Kuma pH ɗinmu, wato ma'aunin tsamin ruwa, wajen 8.1 zuwa 8.3 ne, a nan amoniya ta fi dafi. Ni ɗan famfon iska mai batir nake jefawa ciki, fitila kam ta jira, murjani ba ya mutuwa don duhun kwana ɗaya.

Hajiyar Mamobi: Nawa daga filta mai murfi abin ya zo, wuta ta dawo cikin dare kawai ta watso ruwan da ya kwana a ciki, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai wallahi har falo. Yanzu ana ɗaukewa nake zare ta, sai na zubar da ruwan na ɗauraye soson da ruwan tanki kafin in mayar. Ban da ruwan famfo, kilorin na kashe bakteriyan.

Ɗan Nima: To Hajiya ruwan canji fa? Wani ya ce in ɗebo a bakin teku tunda kyauta ne

Baban Madina: A ina, Jamestown kusa da ƙazamin tafkin Korle? Kar ka soma. Ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace tas, ka haɗa da gishirin tanki ya kai 1.025 a ma'aunin gishiri, ka canza kamar kashi 20 cikin 100, gobe ka sake gwadawa.

Na Sabon Zongo: Ni abinci nake tsayarwa gaba ɗaya har sai amoniya ta koma sifili, kifi za su jure. Ku kuma leƙa bayan duwatsu, dodon koɗi ɗaya in ya mutu a can ya isa ya rikita ƙaramin tanki. NO3 kuwa bana damuwa in tana 5 zuwa 10, lokacin da ciyawar chaeto ta shanye min ita tas murjanin koɗewa suka yi.

Hajiyar Mamobi: Baba famfon batir ɗin nawa ka saye shi?