Abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan kasuwancin Nijar

Jama'a, maganar ta yi tsawo har wasu sun ɓace a ciki, ga abin da na haɗa.

1. Kusan kowa ya yarda akwai kuɗi a albasar Galmi, wake da dabbobi na Nijar, daga nan Najeriya kuma a kai kayan roba, atamfa da kayan masarufi na Kano zuwa Maraɗi da Damagaram. Amma an ce ka fara binciken doka kafin ka loda mota, domin a 2024 gwamnatin can ta hana fitar da hatsi, wasu kayansu a boda suka kwana.

2. Canji. Sefa a ɗaure take da yuro, naira ce ke rawa, so ka yi lissafin riba da sefa kuma kar ka ba da bashi da naira, wannan kam ba wanda ya musa.

3. Inda aka rabu shi ne rajista. Wasu sun ce ka je Yamai ka yi takardun kamfani da lambar haraji tun farko tunda takardunsu duk da Faransanci ne kuma Nijar ta fita ECOWAS a Janairun 2025, wasu suka ce ɓata kuɗi ne, ka samu amintaccen dillali a Konni ko Ɗan Issa, garuruwan Nijar na bakin boda, ka gwada da buhu ashirin tukuna. Ni dai na fi karkata ga na biyun in jarin ƙarami ne.

4. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, masu sayen fili saboda shi an ce su yi a hankali.