Hular walda mai duhu da kanta: ta arha tana cin ido ko kuwa tsoro ne kawai?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya aka kawo mini hular walda da na saya ta intanet, riyal 85 har da kuɗin kawowa. Irin wadda ke yin duhu da kanta ce da zarar ka kyasta wuta. Mu'alliminmu a warsha, wato shagon da muke aiki, ya ɗaga ta, ya juya, ya taɓe baki, ya ajiye, bai ce uffan ba. Shi ne na ce bari in ji ta bakinku kafin in sa ta a kaina. Wata takwas ke nan da na fara koyo a Sana'iyya, unguwar masu sana'ar hannu.

Baba Sale: Wa alaikumus salam. Nura ɗana, mayar musu da kayansu. Shekara 34 ina walda a Makka, da baƙin gilashi mai duhu lamba 11 da garkuwar hannu, har yau da kaina nake zura zare a allura. Wannan hula taku sai ta ga wuta sannan ta rufe, wato wutar ta riga ta shiga ido ke nan. Ka yi haka sau ɗari biyu a yini, ka lissafa a shekara. Makanta ce ake sayar muku kaɗan-kaɗan. Mai tsadar ma ban yarda da ita ba, balle ta riyal 85.

Habu: Gaskiya Baba ya faɗa. Ni na ɗanɗana. Na sayi irinta a haraj, kasuwar gwanjo, bara, kwana huɗu da ita, dare ɗaya na farka ƙarfe biyu kamar an watsa mini yashi a ido. Hawaye kawai, ko fitilar waya ba na iya kallo. Arha ba ta ado.

Tijjani: Habu, kai fa ko takalmi ka saya a haraj sai ya cije ka.

Usman: Baba, Allah ya ƙara girma, a ba ni dama in saɓa maka a wuri guda. Abin da ke ƙona ido ba farin hasken da muke gani ba ne. Wani haske ne da ido ba ya gani, ana ce masa UV, sai ɗan'uwansa mai zafi, infirared. Gilashin hular nan hawa-hawa ne, kuma aikinsu daban. Akwai shafe na dindindin a fuskarsa, in ka karkata shi za ka ga yana ƙyalli shuɗi-shuɗi kamar madubi. Shi ke tare waɗancan biyun, ba ruwansa da batir, ko hular tana kashe yana kan aikinsa. Sai wani faifai a bayansa, irin allon kalkuleta, shi ne mai yin duhu. Aikinsa rage ƙarfin farin hasken don ka iya kallon narkakken ƙarfe. In ya makara, haske zai kashe maka ido na ɗan lokaci, ka yi ta ganin ɗigo kore, ba daɗi, amma ba shi ne yashin da Habu ya ji ba.

Maganar makara kuma, akasarinsu ana rubuta ɗaya bisa 10,000 na daƙiƙa, wasu ɗaya bisa 25,000. Ƙiftawar ido mafi sauri tana cin wajen ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ka ga ta ninka ƙiftawa sau dubu ko fiye. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1981 wani kamfanin Suwidin ya fito da Speedglas, daga baya 3M ya saye shi a 2004. Na yi shekara shida kan bututu a Yanbu, mafi yawan abokan aikina da irinta suke yi.

Baba Sale: Usman, na ji karatu. Ta Yanbu kamfani ne ya saya muku ko ta riyal 85 ce?

Usman: Kamfani ne, Baba.

Baba Sale: To.

Habu: Nan fa ake yinta. Wa ya ce maka ta Nura tana da wannan shafen? Mai yin jabu ya san ba mu da na'urar auna shi. Abin da ido ba ya gani, nan ne daidai inda za a rage kuɗi.

Usman: Wannan na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ita ce maganar da ya kamata mu yi tun farko. Matsalar ba makara ba ce, gaskiyar gilashin ce. Nura, ka manta da abin da ke jikin kwali. Ka duba gefen gilashin kansa ta ciki. Na ƙwarai za ka ga an buga masa lambobi kamar 4/9-13, sai harafin kamfani, sai 1/1/1/2, sai 379. Lamba 4 ta farko ita ce haskensa kafin wuta, 9 zuwa 13 duhun da za ka iya murɗawa. Lambobi huɗun nan na tsakiya makin ingancin gani ne, ɗaya ita ce mafi kyau, uku mafi muni. 379 kuma ƙa'idar Turai ce, EN 379. Na Amurka Z87 suke bugawa. In ba ko ɗaya a jikin gilashin, ni ma zan ce ka bi maganar Baba.

Habu: Buga lamba wuya ne? Wanda ya iya buga tambarin agogon Suwizalan a agogon riyal 20?

Usman: Ba wuya ba ne. Shi ya sa na ce rashin lambar hujja ce, samunta kuma ba hujja ba ce cikakkiya. Sai ka haɗa da sunan kamfani da za a iya nemansa, da takardar bayani a cikin kwali, da shagon da in ka koma gobe za ka same shi a buɗe ya ba ka fatura, wato rasit. Amma Habu, bari in tambaye ka tsakaninka da Allah. Ranar da idonka ya kama, wane aiki ka yi?

Habu: Ƙofar gida muka haɗa, ni da wani ɗan Yaman.

Usman: Ɗinkin farko na riƙe ƙarfe, da hula ka yi ko kawar da kai ka yi?

Habu: Wa ke sa hula don ɗan taɓi? Rufe ido nake in juya. Shi ma yana nasa ɓangaren.

Tijjani: An kama ɓarawo, kuma ba hula ba ce.

Habu: Shekara nawa ina haka ban taɓa kwana ina hawaye ba sai da na sayi wannan hula? Ku bar ni da abin da na gani.

Ashiru: Ku ba ni wuri, ni da ke tsaye a saidaliyya, shagon magani, ina ganin masu walda da dare. Ciwon nan ƙunar fatar saman ƙwayar ido ce, kamar yadda rana ke ƙona fata. Ba ya tashi nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa kullum cikin dare yake tada mutum, kuma shi ya sa da wuya ka gane wace wuta ce ta yi maka. Ta abokin aikinka da ke gefe ma tana yi, ko wadda ta dako daga farin bango ko faifan sitil ta shigo ta bayan hula. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Roƙona ɗaya: ku daina neman maganin ɗigawa mai kashe zafi nan take. Na likita ne lokacin duba ido, in ka yi ta ɗiga shi yana hana fatar warkewa, har ya kai ga gyambo. Yankakken dankali da kuke ɗorawa sanyi kawai yake ba ku, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya fi shi. In ya wuce kwana biyu, ko kana jin abu a maƙale, ka je asibiti, wataƙila ɓarɓashin ƙarfe ne daga saruk, injin yanka da goge ƙarfe.

Baba Sale: Dankali ya yi mana aiki kafin a haife ka, Ashiru.

Ashiru: Allah ya ba ka haƙuri Baba, ko ba dankali zai warke a kwana biyun nan.

Tijjani: Ni abin da ya kashe tawa ba jabu ba ne, rana ce. Na bar ta a gaban dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, a Madina, watan Yuli, muka shiga hutun azahar ɗin nan da hukuma ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3. Na dawo na tarar gilashin ya yi dabbare-dabbare, gefe baƙi gefe fari. Daga baya na karanta takardarta, iyakarta digiri 55. Jidda kanta ta taɓa kai 52 a inuwa a 2010, ina ga cikin mota a rufe. To wanda ya ƙera ta bai yi tunanin Hijaz ba. A inuwa ake ajiye ta, cikin jaka. Sannan ku duba batir. Yawancin masu arha suna cewa sola ce, ba ta buƙatar batir. Ƙarya ce rabi. Akwai ɗan batir a ciki an like shi, in ya mutu hular ta mutu. Ka nemi mai ƙofar batir, irin na agogo mai faɗi, CR2032 ko CR2450, kowane baƙala, kantin unguwa, kusan akwai.

Amma duk da haka ina tare da Usman. A garinmu Mai Wurno na tashi ina ganin masu walda da tabarau na gayu, wani ma da tafin hannu yake kāre fuska. Ka ba irin wannan mutum hular riyal 85, ai ka yi masa gata.

Baba Sale: Tijjani, ba da tabarau na gayu nake gwada ta ba. Baƙin gilashi na gaske kuɗinsa bai kai na shawarma ba. Ba batir, ba ya tsoron rana, in ya fashe ka sa wani. Me ya fi wannan?

Usman: Babu abin da ya fi shi, Baba, muddin yana kan fuska lokacin da wuta ta tashi. Nan ne gizo ke saƙa. Ta cikin lamba 11 ba ka ganin komai sai wuta ta kama. Kai hannunka ya san hanya, kana ajiye sanda inda kake so ido rufe. Nura fa? Zai leƙa ta gefen garkuwa ya ga bakin sandar, sandar ta taɓa ƙarfe kafin ya mayar da garkuwar. Yaran da na gani suna hawaye, ta nan suka samu. Ga kuma hannu ɗaya da garkuwa ta cinye. Mai hula hannunsa biyu suna kan aiki, fuskarsa da wuyansa a rufe tun kafin ya kyasta.

Baba Sale: Shi ya sa nake so ya koya da wahalar tukuna. Ranar da batir ya mutu masa a saman gini a Aziziyya, ya sauko ya ce wa mai aiki a jira shi ya je baƙala?

Usman: Wannan kam gaskiya ce. Ya ajiye baƙin gilashi a akwatin kayansa, ya kuma iya aiki da shi.

Nura: To yayyena, in har zan gwada ta, yaya zan yi?

Usman: Ka ɗauko rimot ɗin talabijin, ka nuna shi ga ƙananan idanun da ke gaban hular, masu gano tashin wuta, ka danna, ya kamata ta yi duhu. Ko ka kyasta laita a gabanta. Wannan yana nuna maka idanun da batir suna aiki ne kawai, ba ya gaya maka komai kan shafen. Ka ƙirga idanun. In biyu ne, a teburi lafiya lau, amma in ka shiga lungu, ko bututu ya tare su, za ta buɗe maka kana tsakiyar aiki. Mai huɗu ta fi. Da sanda mai kaurin milimita 2.5 ko 3.2 ka fara da lamba 10, in ka ji ido na gajiya ka hau 11, in ka wuce amfiya 160 ka tafi 12. Maɓallin jinkiri ka ƙara shi kaɗan, kada ta buɗe ƙarfen yana ja. In kana aiki a waje kuma tana yin duhu don rana kawai, ka rage mata saurin ji. In maɓallinta yana da wurin da aka ware don aikin saruk, kada ka manta ta a can ka kyasta wuta, a nan ba ta yin duhu sam. Kowa ya taɓa yin wannan kuskuren, ni ma.

Abu biyu da ba a faɗa. Ka sa farin tabarau na aiki a ƙarƙashinta kullum, robar da ake yin sa da ita tana tare kusan duk UV da kanta, ga kariya daga ɓarɓashi in ka ɗaga hula. Sannan ka tambayi ko ana samun farar robar gaba ta canji. Mai girman 110 da 90 ko'ina akwai. In wani lanƙwasasshen fasali ne da babu irinsa a Jidda, wata biyu tartsatsi zai cinye ta ka rasa ta sawa.

Tijjani: In walda da iskar argon za ka koma, aikin sitil siriri, ka manta da ta arha. Wutar ba ta da ƙarfi, sai ta yi ta ƙifta maka kamar fitilar biki.

Habu: Hula, da tabarau a ƙarƙashi, da baƙin gilashi a akwati, da jaka, da batir. Baba, ka ga inda arhar ta kai mu.

Nura: Na duba yanzu. Ido biyu ne. Rimot ya sa ta duhu. A gefen gilashin akwai 4/9-13 da 1/2/1/2, amma ban ga 379 ba, ban ga sunan kamfani ba. Ƙofar batir ma babu.

Baba Sale: Me na ce tun ɗazu?

Usman: Ba don dalilinka ba, Baba, amma wannan dai ta koma. Nura, ka ƙara wani abu a kai, ranar Asabar bayan la'asar in raka ka shago mu zaɓa da idonmu.

Baba Sale: Kafin Asabar ɗin ka biyo ta Shari' Mansur in ba ka garkuwa ɗaya. Lamba 11.

Nura: In sha Allah Baba. Sa'a ɗaya ban yar da kwalin ba.