"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": har da lissafin 'yan aji biyu?

Maman Biyu, Rigasa:
Assalamu alaikum. 'Yata tana aji biyu, duk ranar lissafi sai ta ce cikinta na ciwo. Da na bincika, ashe bulala ake yi wa wanda ya kasa haddar biyu sau biyu. Na yi magana, aka ce min icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don Allah haka karin maganar take nufi?

Tsohon Hedimasta, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Maganar kan lokaci take, wato a fara tarbiyya da wuri. Ba ta ambaci duka ba. Wanda ya taɓa ganin mai lanƙwasa baka ya san a hankali ake yi, in aka fizga sai ya karye.

Ɗan Kawo:
Baba, a gafarce ni, ni ban yarda ba. Mu da dorina muka haddace har 12 sau 12, kuma har yau tana kanmu. Tanƙwarawa ai sai da ƙarfi. Yaran yanzu an cika lallaɓa su.

Malamar Firamare, Unguwar Rimi:
Yaya, ku nawa ne a ajin, nawa suka rabu da lissafi har abada? Waɗanda suka tsere ba sa zuwa su ba da labari. Yaron da ke jin tsoro hankalinsa na kan hannun malami, ba kan allo ba. Kuma hadda daban, fahimta daban. Ina da yarinyar da ke kasa 50 a ɗebe 35 a littafi, amma ka ba ta naira 500 ka sayi gyaɗar 350, nan take za ta miƙo maka canjin 150. Lissafin yana nan, tsoro da baƙon harshe ne suka rufe shi. Shi ya sa nake farawa da tsakuwa da murfin kwalba, da Hausa, ban hana ƙirga da yatsu. Wasan carafke ma ƙirga ce.

Ɗan Kawo:
Malama, na ji. Amma jarrabawa ba ta jiran mai ƙirga tsakuwa.

Tsohon Hedimasta:
Sannu-sannu ba ta hana zuwa, ɗana. Hadda za ta zo, bayan ya gane cewa uku sau huɗu tsibi uku ne na tsakuwa huɗu-huɗu. Mu kuma duba malaman. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi gwajin da aka yi musu da tambayoyin 'yan aji huɗu. Duk saɓanin da aka yi kan gwajin, malamin da lissafi ke ba shi tsoro shi ya fi saurin ɗaukar bulala.

Maman Biyu:
Na gode, Baba. Malama, da tarawa zan fara mata a gida ko da ɗebewa? Kuma yaya zan tunkari malamin ba tare da ya tsane ta ba?