Ina so in koma jami'ar KNUST ta Kumasi daga wata jami'a a Accra, amma na rasa ta inda zan fara

Assalamu alaikum 'yan uwa, yayye da iyayenmu na zango. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, na gama aji biyu a wata jami'a mai zaman kanta a Accra, ina karanta lissafin kuɗi. Tun da Baba ya kwanta ciwo, Mama ce kaɗai ke jinyarsa, ga tukunyar waken da take sayarwa da asuba ta koma hannun ƙanwata mai shekara 14. Zamana a unguwar Nima ta Accra ya ƙi yi mini daɗi, shi ya sa nake son komawa KNUST, mota ɗaya daga gida.

Ga inda abin ya cije. Makarantarmu ta ce ba za ta ba ni takardar sakamako ba sai na biya ragowar kuɗin zangon karatun da ya wuce, kuma sau uku ina zuwa ofishin ana ce mini in dawo. Sannan mu da GPA (matsakaicin makin darajojin da ɗalibi ya samu) ake auna mu, su kuwa KNUST da CWA suke aiki, wato matsakaicin maki bisa 100. Yaya suke daidaita su?

Abin da ya fi hana ni barci shi ne shekara biyun nan. Za a ƙirga mini darussan da na ci in shiga aji uku, ko sai na sake neman gurbi da sakamakon WASSCE (jarrabawar kammala sakandare) in faro daga aji ɗaya?

Don Allah duk wanda ya taɓa yin wannan sauyi, ya faɗa mini ofishin da ya fara zuwa da takardun da ya kai. Allah ya saka da alheri.