Hannu nawa burodinmu ke bi kafin ya kai baki?

Mai buɗe zance, Yantala: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau da safe na je sayen baget, yaron ya amshi kuɗina, ya share zufa, ya fyace hanci, kuma da hannun nan ya miƙo min burodi. Wallahi kasa ci na yi. Wanda ya taɓa ganin irin haka ko ya yi aiki a bulanjeri don Allah ya ba mu labari.

Tsohon ma'aikacin bulanjeri, Bukoki: Wa alaikum salam ɗan uwa. Ni na yi aikin nan kuma gaskiya zan faɗa, burodi da tsabtarshi yake fitowa, zafin tanda ya wuce digiri 200, galibin ƙwayoyin cuta ba su tsira. Bayan ya fito ne matsalar take. Aikin dare muke, mutum ya fito daga makewayi da buta ba sabuni ya koma jera burodi, wani da gyambo a yatsa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, in ka ce zawo kake patron ya yanke maka kuɗin ranar to wa zai faɗa? Ni kaina na yi aiki da ciwon ciki, har yau abin na damuna.

Uwar yara, Talladje: Mu gato mai kirim ne ya kama mu a wani biki cikin watan Afrilu, ga zafi ya haura 40 ga wuta an ɗauke tun hantsi, firigo ya zama kwalin banza. Ko awa uku ba a yi ba yarana biyu sai amai da murɗar ciki. Ruwan gishiri da sukari na dinga ba su har muka isa likita.

Ma'aikaciyar jinya, Lazare: Sannu Hajiya, Allah ƙara sauƙi. Saurin nan ya yi kama da ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus, a hanci da fata take zama, kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita kuma lafiyarshi lau. In ta shiga kirim ta samu ɗumi sai ta saki dafi, dafin ko an sake ɗumama abincin ba ya mutuwa, daga minti 30 zuwa awa 8 ake fara amai. Ƙwayar cutar Salmonella ta ɗanyen ƙwai kan jima fiye da haka, wani lokaci kwanaki. Wankin hannu da sabuni daƙiƙa 20 ne fa, har ƙarƙashin farce.

Mai shayi, Katako: Malama mu masu saye ma da laifinmu. Kowa ya zo sai ya matsa burodi biyar yana neman mai taushi ya ɗauki ɗaya. Ga mai babur ya kawo shi a kwali buɗe cikin ƙura. Ni yanzu na rufe nawa da ƙyalle mai tsabta, leda nake sawa a hannu in ɗauko, wasu na fushi amma na ce a nuna da yatsa kawai.

Tsohon ma'aikacin bulanjeri, Bukoki: Na manta ɗaya, lokacin zafi in kun yanka burodi kuka ga cikin ya yi danƙo yana jan zare da wari kamar ruɓaɓɓen ɗan itace, ƙwayar cutar Bacillus ce, irinta ne ke jure gashi. Kar a ba yara.